Yadda Ake Koya wa Ɗalibi Basine Kalmar "Hardly"

Wani kuskure da ake yawan gani a rubutun Sinawa masu koyon Ingilishi shi ne jimla irin "He works hardly", alhali abin da ɗalibin yake nufi shi ne mutumin yana aiki tuƙuru. Tushen matsalar yana cikin Sinanci. A can ana sa harafin 地, wato de, bayan sifa don ta zama bayanau, kamar nǔlì de, da ƙwazo. Da zarar an gaya wa ɗalibi cewa -ly ita ce 地 ta Ingilishi, sai ya liƙa ta a jikin hard. Ai kuwa hard ita kanta bayanau ce, ba ta buƙatar ƙari. Hardly kalma ce daban, ma'anarta a Sinanci jīhū bù: da ƙyar, kusan babu.

Don haka fara da jimloli biyu a allo, ɗaya ƙarƙashin ɗaya: "He works hard" da "He hardly works". Sa ɗalibin ya fassara su da bakinsa. Idan ya ga na farko ma'aikaci ne, na biyu malalaci, ba zai sake mantawa ba.

Wurin zaman hardly a jimla ba ya ba da wahala, tunda a Sinanci ma bayanau kafin aikatau take zuwa. A kula kawai: bayan can, could ko is take zama, "I can hardly hear you".

Inda ya kamata a daɗe shi ne korewa. Hardly tana ɗauke da korewa a cikinta, shi kuwa ɗalibi yana neman inda zai ajiye bù ɗinsa, wato kalmar korewa ta Sinanci, sai ya rubuta "I can't hardly hear". A goge not ɗin. Dalilin nan ne ya sa take tafiya da any da ever, "hardly any water", "hardly ever", kuma tambayar ƙarshen jimla ba ta ɗaukar korewa: "She hardly eats, does she?"

Sai tsarin jimlar da masu shirin gaokao, jarrabawar shiga jami'a a ƙasar Sin, suke haɗuwa da shi: "Hardly had I arrived when it rained", daidai da gāng… jiù… na Sinanci, wato "da… ke nan sai…". Idan hardly ta buɗe jimla, had ce ke rigan mai aikin, kuma when ce abokiyar tafiyarta. Than ta "no sooner" ce, kada a bari ɗalibi ya cakuɗa su.