Yadda ake mallakar igiyar nakiya ba tare da karya doka ba

Masu fasa dutse da yawa suna ɗaukar igiyar kunna nakiya tamkar lagwanin fitila, wai ai ita kaɗai ba ta fashewa. A Najeriya doka ba ta kallonta haka. Igiyar da kwanson tayar da nakiya duk suna cikin abubuwan fashewa ƙarƙashin dokar abubuwan fashewa ta 1964 da ƙa'idojinta na 1967. Dokar bindigogi ta 1959 daban take, don haka lasisin bindigar farauta ba zai tsare ka ba in aka samu igiyar a buhunka.

Da farko ka samu haƙƙin wurin da za ka yi aikin. Kamfaninka ya yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, sannan ka nemi lasisin fasa dutse ko na haƙar ma'adinai daga ofishin rajistar filayen ma'adinai a Abuja, bisa dokar ma'adinai ta 2007.

Sai ma'ajiya, kuma a nan mutane suka fi yin ganganci. Sashen sa ido kan ma'adinai na Ma'aikatar Ma'adinai ne ke duba ginin kafin ya ba da lasisi: nesa da gidaje, ƙofa mai ƙarfi, mai gadi, kuma kwanson tayarwa ba ya kwana ɗaki ɗaya da nakiya. Wanda ya ga unguwar Bodija ta Ibadan bayan fashewar nakiya ta 16 ga Janairu 2024, gidaje sun zama kufai, rufin kwano a yashe kan titi, ya san dalili. Gwamna Seyi Makinde ya ce masu haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba ne suka tara nakiya a gidan zama.

Na uku, wanda zai kunna wutar dole ya riƙe takardar shaidar gwanin fasa dutse. Daɗewa a sana'a ba takarda ba ce.

Daga nan ka nemi izinin saye ta hannun jami'in ma'adinai na tarayya a jiharka, ka saya wurin dila mai lasisi kawai. In daga waje za a shigo da kayan, sai da takardar amincewa daga ofishin Mai ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro.

Ranar ɗauko kaya, 'yan sanda masu kwance bam su raka motar. Ka buɗe littafi, kullum ka rubuta mita nawa na igiya ya fita daga ma'ajiya, nawa aka ƙona, nawa ya dawo.