Matakan Neman Bizar Uzbekistan ta Intanet

Mai niyyar ziyartar kabarin Imam Bukhari da ke kusa da Samarkand, ko tsohon birnin Bukhara, yana iya neman biza daga gida, domin tun 2018 Uzbekistan ta buɗe wannan hanya.

1. Ka shiga shafin e-visa.gov.uz ka zaɓi ƙasarka. Ba kowace ƙasar Afirka ce ke cikin jerin ba; wanda bai ga tasa ba sai ya nufi ofishin jakadancin Uzbekistan.

2. Ka ɗora hoton shafin fasfonka mai ɗauke da suna, da hoton fuskarka a gaban farin bango. Nan ne ake yawan tuntuɓe, domin harafi ɗaya a bayanan da ka cike a shafin da ya saɓa wa na fasfo ya isa a tsayar da mutum a filin jirgin Tashkent, babban birnin ƙasar.

3. Ka biya dala 20 da katin banki, kuɗin bizar shiga ƙasar sau ɗaya.

4. Idan bizar ta iso ta imel, ka buga ta a takarda. Kwana 30 take ba ka.

5. Bayan isa, otal zai yi maka rajistar zama. Ka adana takardun har ranar fita.