Yadda ake karanta alƙaluman rashin aikin yi idan ma'aikatan tashar jiragen ruwa sun shiga yajin aiki

Kada ka fara da adadin marasa aikin yi, don da wuya ya motsa. A ƙa'idar ƙididdiga, mai yajin aiki yana da aiki, bai dai fita ba ne. Marar aiki shi ne wanda ba shi da aikin, yana nema, kuma a shirye yake ya kama.

Fara da kwanan wata. A Amurka ƙidaya biyu ake yi duk wata. Ta farko ana tambayar gidaje kusan 60,000 a kan makon da ranar 12 ga wata ta faɗo ciki. Ta biyu ana duba takardun albashin kamfanoni na zangon biyan da ya haɗa da wannan rana. Ta gidaje tana lissafa mai yaji cikin masu aiki. Ta albashi kuwa tana cire shi, amma sai in bai karɓi ko sisi ba a dukan zangon.

Shi ya sa yajin ma'aikata kusan 45,000 na ILA, ƙungiyar ma'aikatan tashoshin jiragen ruwa a Amurka, wanda ya tsayar da tashoshi 36 daga Maine zuwa Texas ranar 1 ga Oktoban 2024, bai bar sawu a ƙidayar ba. Kwana uku aka yi, aka daidaita kan ƙarin albashi na kashi 62 cikin 100 a shekara shida, tun ranar 12 ba ta zo ba. Yajin ma'aikatan Boeing, kamfanin ƙera jiragen sama, da ya cinye watan gaba ɗaya shi ne ya fito a takardun albashi. Duk da haka rashin aikin yi ya tsaya a kashi 4.1.

In a Apapa ko Tin Can, tashoshin jiragen ruwa na Legas, aka rufe ƙofa, sai ka ƙara taka-tsantsan. Tun 2023 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa take ɗaukar wanda ya yi aikin awa ɗaya cikin kwana bakwai a matsayin mai aiki. A da sai ya kai awa 20. Wannan sauyi na cikin abin da ya sauko da adadin daga kashi 33.3 na ƙarshen 2020 zuwa 4.1 a farkon 2023, don haka kada ka jera su kamar mudu ɗaya aka auna su. Ɗan dakon da aikin tasha ya tsaya masa, ya yi wunin kabu-kabu sau ɗaya, a takarda mai aiki ne. Nemi a rahoton hukumar adadin masu aikin da bai kai awa 40 a mako ba alhali suna son ƙari.

Asarar kuɗi kuma da hannu ake lissafa ta. Ƙirga kwanakin da kwantena ta wuce wa'adin kyauta, wato kwanakin da za ta zauna ba tare da caji ba, ka ninka da abin da kamfanin jirgi ke caji kullum, ka ƙara kuɗin ajiya na tasha da na tirelar da ke jira a layi. Inda aka fi yin kuskure shi ne tsayar da lissafi ranar da aka janye yajin. Jiragen da suka taru sai an sauke su bi da bi, dilar atamfar ɗan kasuwar Kwari kuma tana bayan layi, cajin yana tafiya har ranar da aka mayar da kwantenar wayam.