Kurakuran saurayi mai kunya wajen bayyana so, da yadda ake gyara su

A Garwa da Marwa da Ngaundare, a arewacin Kamaru, yaro yana tasowa ne tsakanin tarbiyya biyu da duk suka ɗauki kunya da girma, ta Hausawa da ta maƙwabtanmu Fulani, waɗanda pulaku, wato ɗabi'arsu ta kunya da kawaici, ke hana su faɗin ko yunwar cikinsu. Shi ya sa za ka ga ƙato da gemunsa, mai ciniki da Hausa da Fulatanci da Faransanci a babbar kasuwa ba gargada, amma da ya tsaya gaban yarinya sai harshe ya ɗaure. Ni sana'ata ƙunshin amare ce, kuma mace idan an naɗe mata hannu da ƙafa ba ta da aiki sai zance. A abin da nake ji daga bakinsu, kunyar saurayi ba ta cika damunsu ba, wasu ma ita ke burge su. Abin da ke ƙona musu rai shi ne a bar su cikin duhu.

Babban kuskure, wanda ya fi kowanne cin samari, shi ne sa hidima a madadin magana. Ya kai ta makaranta a mashin, ya gyara mata waya, ya tura mata sefa dubu biyu ta Orange Money, ya kawo wa mahaifiyarta kifin Binuwai ranar Juma'a. A ransa ya gama faɗin komai. Ita kuwa tana kiransa Yaya, gidan ma sun ɗauke shi ɗa. Ranar da wani ya yi ta maza ya turo manyansa, shi za ta fara yi wa albishir: "Yaya, ka taya ni da addu'a, an kawo kuɗin gaisuwata." Daga nan sai ka ji shi a majalisar shayi yana cewa ta ci kuɗinsa ta yaudare shi. Ba ta yaudare ka ba, ɗan'uwa. Kyautar da ta riga magana zumunci ce, ba ta zama toshi sai yarinya ta san matsayinka. Idan ka riga ka faɗa wannan rami, ka rage hidimar, ka nemi zama da ita, ka faɗi abin da ya kawo ka tun sunan Yaya bai gama bin ka ba.

Sai masu jiran su cika su batse kafin su buɗe baki. Wannan yana jiran sakamakon jarrabawar shiga aikin gwamnati, wancan yana jiran kuɗin auduga, wani ya hau jirgin ƙasa daga Ngaundare zuwa Yawunde neman jari bai ce mata uffan ba, wai sai ya dawo da abin hannu. Na san lefe da kayan ɗaki suna da nauyi, kodayake shi sadaki mafi ƙarancinsa a mazhabarmu ta Malikiyya rubu'in dinari ne. Amma faɗin niyya ba ya cin ko dala. Gidan da ke da budurwa ba ya jiran wanda bai yi magana ba, balle Sha'aban ya gabato ana rige-rigen ɗaura aure kafin azumi. Kuma da zarar an karɓi maganar wani, ƙofa ta rufe, domin Annabi (SAW) ya hana nema a kan neman ɗan'uwa. Ka faɗa mata gaskiyar halinka da lokacin da kake sa ran shiryawa, ita ta zaɓi jira ko tafiya. Idan kuwa kai kanka ba ka hango aure ko nan da shekaru ba, to shirunka ya fi alheri.

Waya ta zo ta ba masu kunya maɓoya. Filashin da tsakar dare, hoton fure ba ko sallama, habaici a WhatsApp da fatan za ta gane da ita ake. Mafi muni shi ne dogon saƙon soyayya da Faransanci da aka kwaso daga intanet. Na ga 'yan mata biyu a kan tabarmar ƙunshi, hannuwa cikin leda, ƙanwar amarya tana karanta musu saƙonninsu, sai ga shi kalma ɗaya ba ta bambanta ba, alhali samarin daban ne. Dariyar da aka yi har cikin ɗaki aka jiyo ta. Amfanin waya a wannan mataki guda ne, neman izini. Ka yi sallama, ka faɗi sunanka da gidanku, ka ce kana so ka zo gaishe ta a gida rana kaza bayan la'asar. Shi ke nan.

Aike ba laifi ba ne, Nana Khadija ma Nafisa 'yar Munya ta aika. Inda ake kuskure shi ne zaɓen abokin da ya fi ka baki, ga shi gwauro, ka ce ya je ya tsara maka ita. Mun sha ganin ɗan aike ya zama ango. Ka aiki yayarka mace, ko gwaggonka, ko matar wanka, su binciko ko akwai maganar wani a kanta, kuma ko za ta saurare ka. Sauran naka ne.

To ka zo, ka tura yaro ya yi maka sallama, an shimfiɗa tabarma a zaure. Zuwan nan da ganin juna abu ne da addini ya yarda da shi, tunda Mugira ɗan Shu'uba an umarce shi ya je ya ga wadda yake nema. A nan mai kunya yake ƙarar da lokacinsa kan zafin watan Afrilu da wasan ƙungiyar ƙwallo ta Coton Sport har a kira magariba, ya tashi yana cewa gaisuwa ce kawai ta kawo shi. Kada ka yi haka. Da an gama gaisuwa ka faɗi maganarka, domin duk mintin da ka ƙara nauyinta ƙaruwa yake. Ba ta bukatar ado: "Na daɗe ina lura da tarbiyyarki, kin kwanta mini a rai. Da niyyar aure na zo. Idan babu maganar wani, kuma kin amince, zan turo magabatana." Ka maimaita ta a ɗakinka har ta zauna a baki. Murya ta yi rawa, gumi ya karyo, ba komai, ba wadda na taɓa ji ta ƙi mutum don wannan.

Akwai kuma wanda shiru ya cika masa ciki har ya fashe lokaci guda, da rantse-rantse da cewa zai mutu in babu ita. Wannan tsoratarwa ce. Haka tare ta a hanya ko a gidan biki gaban ƙawaye, dole ta gwale ka don ta tsare mutuncinta, ko da tana so.

Amsar ma ana kuskuren karanta ta. Wasu suna jin "zan yi shawara" sai su ɓace, sun ɗauka kora ce. Wasu kuma su riƙe cewa shirun budurwa yardarta ce, alhali wannan hukuncin na lokacin da waliyyinta ya nemi izininta ne, ba na saurayi a zaure ba. Ka ba ta mako ɗaya ko biyu ka dawo. Idan ta fito ba jan aji mai yawa, ƙanwarta ta kawo ruwa, ta ce ka gai da su Inna, alama ce mai kyau. Idan kullum sai yaro ya dawo ya ce ba ta nan, ko ta ce an yi mata miji, ka gane. Kada ka bi ta bayan gida ka sa mahaifinta ya matsa mata, kada ka nufi wurin boka, kada kuma ka aiko a ƙirga maka abin da ka kashe.

Bazawara hukuncinta daban. Wadda mijinta ya rasu, aya ta 235 a Suratul Baƙara ta yarda a yi mata hannunka-mai-sanda tana cikin takaba, ban da magana a fili, wadda kuma ke iddar sakin kome ko hakan bai halatta ba. Idan ta gama idda, ita ke da ta cewa a kan kanta, kuma ba ta da lokacin noƙe-noƙe. Ka je da maganar 'ya'yanta da inda za ta zauna a shirye, don su za ta fara tambayarka.