Yadda Za Ka Zaɓi Littafin Koyon Gyaran Hoto a Kwamfuta

Kafin ka nufi shagon littattafai, fara kunna kwamfutar da za ka yi koyon a kanta. Buɗe manhajar gyaran hoton da ke cikinta, ka shiga Help, ka danna About, ka kwafe sunan sigar da lambarta a 'yar takarda ka sa aljihu. Da wannan takarda za ka yi cinikin. Ni sana'ata hoto ce a nan Katsina, ɗauka da gyara da wankewa, kuma duk yaron da ya ce min, "Maigida, wane littafi zan saya?" abin da nake fara ce masa shi ne ya je ya dubo min abin da ke cikin injinsa.

Ga dalili. Photoshop ta fito ne a 1990, kuma tun daga lokacin kamfanin Adobe bai daina sauya mata fasali ba. Sigar CS6 ta 2012 ita ce ta ƙarshe da ake saya a mallaka. Daga 2013 aka koma biyan haya wata-wata ko shekara-shekara. Shi ya sa in ka leƙa shagunan buga takardu da na hoto daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Ƙwaya, za ka tarar da kwamfutoci na hannu da yawa har yau suna kan tsofaffin sigogi. Sabuwar tana neman RAM aƙalla giga 8, alhali CS6 tana tashi a kan injin da bai kai rabin haka ba. To ka ɗauko littafin da aka rubuta bara ka zauna gaban CS6. Zai ce ka danna Select Subject manhaja ta ware maka mutum daga bayan hoto da kanta, kai kuwa ka yi ta lalube har la'asar, domin sai a 2018 aka saka wannan. Zai ce ka rubuta abin da kake so ta zana maka a gurbin da ka zaɓa, wannan kuma na 2023 ne. In aka juya ma haka take. Tsohon littafi zai ce ka riƙe Shift lokacin da kake ƙara girman hoto don kada ya karkace, amma a sigar da ta fito ƙarshen 2018 an juya abin, riƙe Shift ɗin ne ke karkatar da shi. Mai koyo ba ya zargin littafi. Kansa yake zargi, ya ce ƙwaƙwalwarsa ce ba ta ja, ya ajiye.

Ka kuma duba ko marubucin da Mac ya yi aiki. In duk shafin maɓallin Cmd na Mac kake gani babu Ctrl na Windows a gefe, kai kuma Windows gare ka, za ka sha wahalar da ba ta zama dole ba.

Sai batun wace manhaja ma. Mutane kan haɗa su duka a kwando ɗaya, alhali aikinsu daban. In burinka katin ɗaurin aure, kalandar biki, fastar 'yan siyasa da allon shago, littafin CorelDRAW ya fi kusa da abincinka. In kana dawowa daga wurin kamu ko walima da ɗaruruwan hotuna da ake so gobe da safe, Lightroom kake buƙata, domin ita ce ke gyara hoto ɗaya ta shafa gyaran a kan sauran. Photoshop kuwa aikinta zama a kan hoto guda ne, a yi masa aiki a tsanake. Wanda kuma ba shi da kuɗin haya, GIMP kyauta ce kuma halal, sai dai ya lura: siga ta 3.0 ta fito a Maris ɗin 2025, littattafan da suka riga ta kuwa a kan tsofaffin sigogi irin 2.8 ko 2.10 aka rubuta su.

Yanzu ga ka a shago, littafi a hannu. Kada ka karanta bayan bango, kowane littafi a nan yake yabon kansa. Buɗe jerin babobi ka nemi inda aka koyar da leya da maski. Leya ita ce ke ba ka damar ɗora gyara a saman hoto ba tare da ka taɓa asalinsa ba, tun 1994 take cikin Photoshop, kuma duk wani aikin kirki a kanta yake tsaye; maski kuwa shi ke rufe wani sashe na leya don gyara ya taɓa inda kake so kawai. In ta zo a babi na uku ko na huɗu, marubucin ya san koyarwa. In ka ga ya cika rabin littafi da yadda ake sa rubutu ya yi wuta ko hoto ya zama kamar zanen fensir, leya kuma sai can kusa da ƙarshe, mayar masa da kayansa. Irin wannan littafi yana da daɗin kallo, amma ba wanda zai biya ka don ka sa sunansa ya ci wuta.

Daga nan zaɓi darasi ɗaya a tsakiya ka karanta a tsaye, ko mai shago zai ɓata rai. Abu biyu kake nema. Na farko, kowane mataki yana da hoton allon kwamfuta da za ka gwada da naka. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, marubucin yana faɗin dalili. Wanda ya ce "sa wannan lamba a 35" ya wuce, ya koya maka gyaran hotonsa ne shi kaɗai. Wanda ya ce ka ja har sai inuwar ƙarƙashin ido ta buɗe, ka tsaya kafin goshi ya fara ƙyalli, shi ne ya koya maka gyaran naka. Ka kuma auna Turancin da naka. In ka karanta shafi guda ka tsaya neman ƙamus fiye da sau biyu ko uku, nemi mai sauƙi, babu abin kunya a ciki. Sunayen maɓallai dai dole ka haddace su yadda suke a allo.

Littafin da aka yi wa fotokwafi baƙi da fari, ko nawa aka rage maka, bar shi. Shafi zai nuna hoto kafin gyaran launi da bayan gyara, kai kuma toka biyu kake gani.

Inda na fi so ka daɗe shi ne babin fata da haske, domin a nan littattafan waje suka fi barin mu a hanya. Yawancin hotunan gwajin da ke cikinsu na fararen fata ne, a ɗaki mai fitilu ko a ƙasar da rana ba ta da zafi. Mu kuwa me ke zuwa teburinmu? Dattijo baƙi cikin farar shadda mai sheƙi, an ɗauke shi da azahar a ƙofar masallaci. Kyamara ta bi farar rigar, fuska ta nutse. In ka haska hoton gaba ɗaya, aikin wuyan rigar ya ɓace ya zama farin fili. Ko mahayi a Ƙofar Soro ranar hawan sallah, ko a Hawan Magajiya a Daura, rawani ya yi wa fuska inuwa, ƙura ta tashi, ga kayan doki ja da kore da ruwan gwal kowanne yana neman a gan shi. Ga kuma hazon hunturu da ke mayar da komai fari-fari. Babu lambar da wani marubuci zai ba ka ta warware wannan. Abin da zai warware shi littafi ne da ya yi bayanin Curves da Levels, kayan daidaita haske da duhu, dalla-dalla, ya koya maka karanta jadawalin haske da duhun hoto, sannan ya nuna yadda ake gyara fuska ita kaɗai da maski a bar riga yadda take. Ka ƙirga shafukan da aka ba wannan. In biyu ne kacal, littafin ba namu ba ne.

Ka duba kuma yadda yake goge fata. Wasu suna koyar da shafe fuska har ta koma kamar roba. Amare da ƙawayensu za su ce maka, "Malam, a ɗan haska ni," kuma hakkinsu ne, amma haske daban, toka-toka daban. Baƙar fata in aka ja haskenta ba a kula da launi ba, sai ta yi fatsi-fatsi, lallen hannu ya dushe, wuya da fuska su zama na mutum biyu. Uwar amarya ce za ta dawo maka da hoton. Littafin kirki yana nuna yadda ake cire ƙurji a bar ƙofofin gashin fata, kuma in ka yi sa'a ka samu wanda ya sa baƙar fata cikin misalansa, ƙara masa daraja.

Babin bugawa mutane ke tsallakewa, alhali a nan ake karɓar kuɗi. Ya kamata littafin ya fahimtar da kai cewa hoto mai inci 4 da 6, in za a buga shi da ɗigo 300 a kowane inci, yana buƙatar fiksel 1200 da 1800. Da wannan lissafi kaɗai za ka iya yi wa kwastoma bayanin abin da ya sa hoton da aka turo masa ta WhatsApp, wanda manhajar ta matse, ba zai yi kyau a babban firam ba. Ya kuma bambance maka tsarin launi na RGB na allo da na CMYK na injin ɗab'i, da dalilin ajiye aiki a PSD, wato fayil ɗin Photoshop, maimakon a yi ta sake adana JPEG yana lalacewa.

Tambayi hotunan gwaji. Tsofaffin littattafai da faifai suke zuwa a manne a bangon baya, na hannu kuwa sau da yawa faifan ya ɓata, kuma laftof da yawa yanzu ba su da wurin sa shi. Sababbi a intanet ake sauke nasu, wani lokaci da lambar da ke cikin littafin, wadda mai yiwuwa wanda ya fara sayen littafin ya riga ya yi amfani da ita. In babu su ba a fasa ciniki ba, sai dai farashi ya sauka, kai kuma ka tanadi hotunanka masu kama da na darasin.

Ni na fi son na takarda a kan PDF, don ana buɗe shi a gefen kwamfuta, ana rubutu a bakinsa, ana karanta shi lokacin da aka ɗauke wuta. In ba ka samu a shagunan cikin gari ba, leƙa laburaren Hassan Usman Katsina Polytechnic ko na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua in kana da hanya, ka ga irin da ya dace da kai kafin ka kashe kuɗi. In kuwa aike za ka yi Kano, ko ta intanet za ka saya, kada ka yi cinikin biri a sama. Ka ce mai sayarwa ya ɗauko maka hoton jerin babobi, da shafin da ke ɗauke da shekarar bugu, da shafi biyu daga babin launi, ya turo kafin ka tura ko sisi.