Kafin ka sa hannu a takardar beli

Jama'a, duk wanda aka roƙa ya tsaya wa wani beli, ya karanta takardar tukuna. Alkawari kake ɗauka cewa mutumin zai halarci kotu duk ranar da aka sa. In ya gudu, kai za a nema, kuma kuɗin da aka rubuta a kanka zai faɗo. In ka ga take-takensa, kana iya komawa kotu ka nemi a sauke maka nauyin.

Ɗaukaka ƙara kuwa, nan aka fi sakaci. Wa'adin yakan fara ne daga ranar yanke hukunci, ba ranar da dangi suka gama shawara ba, don haka a nemi kwafin hukuncin da wuri. Kotun sama ba kasafai take sake sauraron shaidu ba, abin da aka rubuta a zaman farko take dubawa. Shi ya sa lauya tun farko ya fi amfani.

Marar halin ɗaukar lauya ya faɗa wa alƙali. Sashe na 14 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan haƙƙoƙin jama'a da siyasa ya tanadi lauya kyauta idan adalci ya buƙaci haka.