Yadda ake auna ƙahon barewa idan ya karye ko an taɓa shi

Mafarauta a Amurka da Kanada suna auna ƙahon barewa mai farin wutsiya da ma'aunin ƙungiyar Boone and Crockett, wadda Theodore Roosevelt ya kafa a 1887. Doka ɗaya ce ke tafiyar da ƙahon da ya samu rauni: abin da ke hannu ake aunawa, ba abin da ake zaton ya taɓa kasancewa ba.

Da farko a bar ƙahon ya bushe kwana 60 a cikin ɗaki. Sai a duba ƙoƙon kan da ya haɗa ƙahonin biyu. In an raba shi gida biyu da zarto, magana ta ƙare, ba za a karɓa ba, domin kowa na iya buɗa ƙahonin ya ƙara faɗin tsakani. Haka ma ƙahonin da barewa ta zubar da kanta aka tsinta a daji.

In ƙoƙon lafiya lau yake, a ɗauko siririn tef na ƙarfe mai faɗin rubu'in inci, a riƙa rubuta awo zuwa ɗaya bisa takwas na inci. Kowane reshe sai ya kai inci ɗaya, kuma tsawonsa ya fi faɗinsa, kafin a ƙirga shi. Wanda ya karye ana auna shi daga tushe zuwa bakin karayar, a tsaya nan.

A nan asarar take ninkuwa, kuma masu sabon shiga sukan sha mamaki. A ce reshe na biyu na hagu inci 9 ne, takwaransa na dama ya karye ya saura inci 4. An riga an rasa inci 5 a jimla, sannan a rukunin ƙahoni masu daidaito ana sake cire bambancin hagu da dama, wato wasu 5 ɗin. Da yake kowane inci maki ɗaya ne, karaya ɗaya ta ci maki 10. Ƙahon da zai kai 170, makin shiga babban kundin tarihin ƙungiyar, ya dawo 160.

Kaurin ƙaho kuwa wuri huɗu ake aunawa a kowane ɓangare. In babu reshe na huɗu, awo na ƙarshe ana ɗaukarsa a tsakiyar tazarar reshe na uku da tsinin uwar ƙahon.

Gyara yana da nasa hukunci. In an tsinci guntun da ya karye, a adana shi, kada a yi gaggawar kai wa mai gyara ya liƙe ya shafe da fenti. A nuna wa mai awo na ƙungiyar yadda yake, a bayyana komai a takarda, kwamitin ƙungiyar ne zai yanke. Gam da cikon roba ba sa shiga lissafi ko kaɗan. Wanda kuma ya sa zarto ko magagari ya cire wani karkataccen reshe don makinsa ya tashi, an kore ƙahon gaba ɗaya, kuma ƙwararren mai awo yakan gane wurin ta santsinsa da launinsa da ya saɓa wa sauran.